Gida Na Goma Sha Biyu: Shekara Bakwai Bayan Yaya Garba Mai Rediyo

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Garba makwancinsa a maƙabartar bayan garinmu, Dangora. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Sana'arsa gyaran rediyo da tocila a wata 'yar rumfar kwano da ke bakin kasuwa, kuma da ita aka san shi har ya koma ga Allah. Duk shekara in wannan wata ya kama nakan ɗauki biro in sake ajiyewa, domin abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba, kuma ni kaina ina cikin waɗanda zancen zai taɓa. Bana dai na gaji da jin nauyin mutanen da ba su ji nauyin mamaci ba.

Wanda ya shigo unguwarmu yau zai ga kusan kowane rufi da farantin sola a kansa. Zai kuma ga wani ƙaton allo a ƙofar wani shago mai fenti shuɗi, ɗauke da sunan ƙungiyar sola ta unguwa, a ƙasa kuma sunan shugabanta da manyan baƙaƙe, an ƙara da cewa wai shi ya kafa ta. Ba zan rubuta sunan nan a nan ba, wanda ke jikin allon ya ishe shi. Alhaji kawai zan kira shi, tunda haka ya fi so.

A da can, wayoyin wutar gwamnati suna nan a kan turakunsu, amma tsuntsaye ne kaɗai ke cin moriyarsu. Sai a yi wata ba a ga ƙyallinta ba. Wanda ke da wuta a unguwar shi ne Alhaji, domin yana da janareta da shagon cajin waya, ya kuma ja wayoyi zuwa wasu gidaje yana ba su wuta ta ɗan lokaci a rana, ran da ya ga dama. Mutum ya yi masa gardama a majalisa, gobe ya ji an ce wayarsa ce ta tsinke.

Mahaifiyarmu a lokacin ta tsufa, ga hawan jini. In bazara ta yi tsanani sai ta wuni zaune a ƙofar ɗaki da mafici, ba ta iya kwanciya ba ta iya cin abinci. Wata rana Yaya ya dawo daga kasuwar Tudun Wada da wani ɗan farantin sola mai tsage a kusurwa, wanda mai shi ya riga ya fid da rai da shi. Ya kwana uku yana fama da shi a rumfa. Ya haɗa shi da batirin babur da wata ƙaramar fanka da ya ciro daga mataccen inji, ya kafa a ɗakin Inna. Ranar na shiga gaishe ta bayan azahar na tarar tana barci, mafici a ƙasa. Yaya na tsugune a bakin ƙofa ya ɗora yatsa a leɓe don kada in tashe ta. Daga wannan barci aka fara komai, ba daga wani ofis ba.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne cewa babu ɗayanmu da zai iya sayen cikakken kaya a zama ɗaya. Sai ya duba yadda matan unguwa ke sayen gado da kwanuka da ba za su iya saya su kaɗai ba, ya ce to mu ma mu yi adashi. Gida goma sha biyu, kowa ya kawo ɗan abin da aka yanke duk ranar kasuwa. In ya taru a je Kano a sayo kayan gida ɗaya, shi kuma ya haɗa kyauta. In an daɗe ana saye a hannun mutum ɗaya, dole ya rage farashi. Bayaninsa ke nan duka, kuma ko yaro ya gane shi.

Majalisar ƙofar shagon Alhaji ta sami abin dariya na wata guda. Wani ya ce Garba ya koma adashin mata, saura ya ɗaura zane. Wani ya ce gyaran rediyo ya taɓa masa kai, muryoyin da yake ji a cikin akwati ne suke ba shi shawara. Ranar da muka biyo tare, Alhaji ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Malam Garba, to in hadari ya haɗo fa? Kai za ka hau sama ka ba gajimare haƙuri?"

Aka bushe da dariya, har da waɗanda wayoyinsu ke jibge a shagon tun jiya ba caji. Yaya ya gaishe shi cikin ladabi ya ce, "Alhaji, in an haɗa ka zo ka gani." Bai ƙara ba. Ni ne na yi ta huci har gida.

Da dariya ta ƙi kashe maganar, sai aka canja salo. Aka fara raɗe-raɗin cewa dabara ce, Garba na son ya tara kuɗin mutane ya haska gidansa, sannan ya ce ƙungiya ta rushe. Zancen ya iso masa. Ranar da aka taru a zauren liman don jefa ƙuri'ar wanda za a fara da shi, an rubuta sunaye an zuba a hula, sai ya sa hannu ya zaro nasa ya ajiye a kan tabarma. Ya ce shi ne na goma sha biyu, sai kowa ya samu sannan a zo kansa. Matarsa, Yaya Asabe, ba ta ji daɗi ba, ga 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya cikin zafi. Ya ce mata shekara biyu ba ta da yawa.

Ƙuri'ar farko ta faɗa kan Inna Delu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita kaɗai ce mace a cikin goma sha biyun. Na ji da kunnena wani magidanci na gunaguni wai me tsohuwa za ta yi da wuta, a ba wa masu iyali mana. Liman ya ce ƙuri'a ta riga ta fita.

Na raka shi aikin gidanta, kuma a nan na ga yadda yake yi. Kafin ya taɓa waya sai ya zauna da mai gida ya tambaye shi me yake so ya kunna. Wanda ya fara lissafo firji da talabijin da dutsen guga sai ya ce masa ya dakata tukuna, a fara da faranti ɗaya, batir ɗaya, ƙwan fitila uku, fanka, da wurin cajin waya. In hali ya yi a ƙara. Yakan zaga gida tun safe ya ga inda inuwar darbejiya ke faɗawa kafin ya zaɓi wurin da zai kafa faranti, ya karkata shi kudu. Ba ya yarda da siririyar waya ko da mai gida ya yi rantsuwar ba shi da kuɗin mai kauri. Kuma ba ya tafiya sai ya koya wa matar gida abin da kowace 'yar fitilar akwatin caji ke nufi, domin a cewarsa ita ce ke wuni da kayan, mai gida labari kawai yake ji.

A gida na uku aka sayar musu da batir marar kyau, cikin mako biyu ya daina riƙe caji. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa Garba ya sayo tsoho ya soke ragowar kuɗin. Ya ɗora batirin a mota ya koma Kano, ya zauna a kan benci a ƙofar shagon ɗan kasuwar wuni biyu, duk wanda ya zo saye sai ya gaishe shi ya nuna masa batirin. Rana ta uku aka canja masa da sabo. Cikin waɗanda suka kira shi ɓarawo, ban ga ko ɗaya da ya tako rumfarsa ya ce a yafe masa ba. Wasunsu ma washegari suka aiko a tambaya ko akwai sauran gurbi.

Da aka kai gida na takwas, shagon cajin Alhaji ya zama wurin hutun ƙudaje. Ana nan sai ɗaya daga cikin 'yan adashin ya tashi da iyalinsa ya koma Kiru, gurbinsa na goma sha ɗaya ya zama ba mai shi. Wa za a gani a zauren liman da babbar riga sai Alhaji, yana cewa shi dama tun farko ya san abin alheri ne, gwada zuciyar Garba kawai yake yi. Na so a hana shi. Yaya ya ce wuta ba ta san wanda ya zage ta ba, a ba shi.

Aikin gidan Alhaji ya faɗo tsakiyar damina. Ranar hadari ya taso tun hantsi, Yaya ya ce a bari sai gobe. Alhaji ya ce yana da baƙi daga Bebeji da za su iso da yamma, yana so su tarar da fanka na juyawa. Yaya ya hau rufi, ruwa ya same shi a can, ya ƙarasa aikin jiƙe sharkaf. Washegari ya tashi da zazzaɓi, ya sauka masa a ƙirji. Muka kai shi asibiti. Kwana tara ya yi. Ban ce wani ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma baƙin Alhaji sun sha iska, shi kuwa ko sau ɗaya bai leƙo asibitin ba.

Bayan sadakar arba'in aka kira taron ƙungiya. Kuɗin gida na goma sha biyu ya riga ya taru, abin da ya rage a je a sayo. Alhaji, wanda ba a san lokacin da ya koma zama kusa da liman ba, ya gyara murya ya yi doguwar addu'a ga mamaci. Daga nan ya ce ƙungiya ta masu rai ce. Ya ce Asabe na takaba, in ta fita wa ya san ko za ta koma gidan iyayenta, gidan kuma ya shiga rabon gado. Ya ce abin da ya fi shi ne a ɗauki kuɗin a yi wa ƙungiya rajista, a buga hatimi da allo, don sunan marigayi ya ɗore.

Magidanta goma na zaune, kowannensu fanka na juyawa a ɗakinsa da gumin mutumin nan. Wani ya shiga duba farcensa. Wani ya tuna yana da tari. Liman ya ce a yi shawara a hankali, wanda a garinmu ma'anarsa an gama magana. Inna Delu ba ta wurin, don ba a aika mata ba.

Ni ina wurin, a matsayin wakilin gidanmu. Ban ce uffan ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa na yi shiru ne don kada a ce ƙane na kwaɗayin gado. Ƙarya ce. A lokacin ina koyarwa a wata firamare can ƙasar Doguwa, kuma Alhaji ya yi mini alkawarin zai yi magana a dawo da ni gida. Da wannan na sayar da yayana. An kuwa dawo da ni, kuma ban taɓa shiga ajin nan na ji ni cikakken mutum ba.

Labari ya kai wa Inna Delu bayan kwana biyu, ranar kasuwa. Ba ta je wurin liman ba, ba ta je wurin kowa ba. Ta ari tsani, ta sa wasu magina biyu da ke aiki a maƙwabta suka kwance mata farantinta. Ta yi gammo, ta ɗora shi a ka, tsohuwar da ko tulu ta daina ɗauka. Akwai lungun da zai kai ta gidan Yaya a taƙaice, amma ta bi ta tsakiyar kasuwa, ta ɓullo ta gaban majalisar Alhaji da hantsi, lokacin da ta fi cika.

Alhaji ya miƙe. "Inna, lafiya? Ina za ki da wannan kaya? Lalacewa ya yi?"

Ta tsaya, ba ta sauke ba. "Lafiyarsa lau, ɗan nan. Gidan Garba zan kai. An ce mini mazan unguwa sun taru kuɗinsu bai kai ba, shi ne na ce bari mai daddawa ta taimaka musu."

Ta wuce. Ina tsaye a rumfar mai shayi, kuma da akwai ramin da zan shiga da na shiga. Kafin azahar matar gida na biyar ta aika da batirinsu a baro ba tare da ta tambayi mijinta ba. Wata ta kwance fankarta. Yaya Asabe na cikin ɗaki da kayan takaba tana kuka tana cewa a mayar, Inna Delu na tsakar gida tana cewa ba inda za a mayar.

Cikin mako guda kuɗin da aka ce na hatimi ne ya fito, aka sayo wa gidan Yaya sabbin kaya aka mayar wa matan nan abin da suka kwance. Alhaji ya tara mutane ya yi jawabi cewa dama shirin kwamiti ke nan, gaggawar mata ce ta riga su. Aka tafa masa. Waɗanda suka duba farce su suka fi kowa tafi.

Yau ƙungiyar ta girma, in girma shi ne fenti da kujerun roba. Babu sauran hula, babu ƙuri'a. Wanda shugaba ya sani shi ke gaba. Ba a zuwa Kano neman rangwame, domin shugaban ya buɗe shagon kayan sola, kuma a wurinsa kaɗai ɗan ƙungiya zai saya. Batiran da yake sayarwa wasu ko fentin da aka shafa musu bai gama bushewa ba. Mai son shiga sai ya kawo mutum biyu masu shago su tsaya masa, wato da Inna Delu, Allah ya jiƙanta, za ta dawo yau, ko ƙofa ba za a bari ta taɓa ba. Masu haɗa kayan kuwa, duk wanda ya mallaki filaya ya zama injiniya. Na ga farantin da aka kafa a ƙarƙashin mangwaro yana kallon arewa, mai gidan na zagin rana wai ta yi sanyi bana.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai ga wannan. Na san ba zai yi jawabi ba, bai iya ba. Allon ma ba na jin zai tsaya karanta shi. Zai nemi tsani ne ya hau ya juya farantin nan, ya sauko ya tambayi matar gidan ko an nuna mata yadda ake duba caji. Ni ne mai ɗacin rai, shi bai taɓa samun lokacinsa ba. Wani lokaci har haushinsa nake ji a kan haka, domin irin haƙurinsa ne ke sa irin su Alhaji ƙiba.

Watan jiya 'yan kwamiti suka aike ni wurin Yaya Asabe. Ba ta koma gidan iyayenta ba, tana nan a ɗakinta, ta aurar da 'ya'ya biyu da ɗinkin hula. Saƙon shi ne za a yi bikin cikar ƙungiya shekara tara, za a naɗa wa shugaba rawani na girmamawa, ita kuma a ba ta takardar yabo a madadin marigayi, wanda a katin gayyata aka kira shi “ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na farko”. Na karanta mata. Ta ci gaba da ɗinkinta har ta kai ƙarshen zaren.

"Malam, me zan yi da takarda?" in ji ta. "Ka ce musu in suna son yi masa wani abu, ga gidan marayun Malam Isa nan a bayan masallaci, ko ƙwan fitila ɗaya babu. Su kai can."

Na kai saƙo, wannan karon da bakina kuma a gaban kowa. Alhaji ya ce kwamiti zai duba. Har yau yana dubawa.

Ita ba ta jira ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ta aiko in zo da biro da takarda. Na tarar da mata tara a tsakar gidanta, masu ƙuli-ƙuli da masu kitso, da wata Bafulatana mai kawo nono daga wajen Falgore, da uwar marayun nan. Duk cikinsu babu wadda za ta sami mai shagon da zai tsaya mata. Sabon adashi suka ƙulla, kuma sun riga sun yi magana da wata ɗiyar unguwa da ta karanci aikin lantarki za ta haɗa musu. Ni aikina rubuta sunaye kawai, tunda an ce ni malami ne.

Ban san abin da zai saura na Yaya Garba nan da wasu shekaru ba. Rumfarsa an rushe ta, farantan da ya kafa suna tsufa, yaran da ke karatu a ƙarƙashin fitilunsa ba su san sunansa ba. Amma da na buɗe biro zan fara rubutu, Yaya Asabe ta dakatar da ni. Ta ce kafin sunan kowa, in fara sa wannan a saman takardar: duk wadda ta mutu kafin a zo kanta, gurbinta na 'ya'yanta ne, kuma gidanta za a fara yi, ba taro ba shawara. Matan suka ce sun yarda. Na rubuta, na karanta musu da ƙarfi sau biyu.

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya yafe mini shirun da na yi.